Rufin Cocin Unguwar Bakoji

Da mutanen Unguwar Bakoji suka koma garinsu bayan shekarun gudun hijira a Birnin Gwari, ba su tarar da ƙofa ko ɗaya a jikin ɗaki ba. Wadda 'yan bindiga ba su ƙona ba, gara ta cinye. Saboda haka duk wanda ya iya riƙe zarto ya zama mai daraja, kuma a ƙauyukan hanyar Kakangi babu wanda ya kama ƙafar Japheth kafinta.

Hannunsa kam ba a magana. Ƙofar da Japheth ya haɗa, sai dai ɗaki ya rushe ya bar ta tsaye. Bakinsa ne matsalar. In ka kawo masa aiki, sai ya fara da wautar wanda ya yi maka na baya, sannan ya dawo kanka, kai da ka yarda aka yi maka. Mutane suna jurewa don ba yadda za su yi, su karɓi kayansu su tafi suna tsaki. Matarsa Asibi ta sha ce masa, "Baban Praise, aiki mutum ya kawo maka, ba kansa ya kawo ka aske ba." Amsarsa ɗaya ce kullum: gaskiya ɗaci gare ta, wanda ba ya so ya nemi mai zuma a baki.

Cocin garin ma an ƙone shi. Jama'a suka yi aikin gayya suka tā da bango, rufi ya rage, ana ta yin sujada a gindin ɗorawa. Kowa ya san Japheth ne zai yi rufin. Katako kuwa Dattijo Martins ya ce a bar masa. Martins dattijon ikilisiya ne, shi ke da injin yanka katako, shi ke sayar wa garin. An kashe babban ɗansa Jesse a hanyar Gwaska shekarar da aka gudu, kuma tun suna Birnin Gwari ya yi wa Allah alkawari cewa in an dawo, katakon coci daga hannunsa zai fito, kyauta.

Ranar wata Lahadi, ana tashi daga sujada, a-kori-kura ta sauke katakon a gaban bangon. Mata suka rangaɗa guɗa. Martins yana tsaye cikin farar riga, ana ta miƙa masa hannu. Japheth ya ratsa mutane, ya ɗaga guda ya ji nauyinsa, ya danna farce a jiki, ya shinshina.

"Wannan jiya-jiya yana tsaye da ganyensa," ya ce.

"Sabo ne, ba ruɓaɓɓe ba," in ji Martins, yana murmushi.

"Ɗanye ne sharaf, Dattijo. Maje ne, kuma ruwa ne cike da shi. In ya bushe a sama zai murɗe ya tsage."

Fasto Enoch, mutum mai sanyin murya, ya matso ya tambaya ko har yaushe zai bushe. Japheth ya ce sai ya ga rani guda a inuwa. Nan da nan gunaguni ya tashi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan, wata damina kuma a gindin bishiya? Da tsofaffi da jarirai?

Murmushin Martins ya ɓace. "Kai dai ƙusa aka kira ka ka buga. Ka buga mana."

Da Japheth ya tsaya a maganar katako, da wataƙila an daidaita. Amma a gaban jama'a aka mai da shi mai buga ƙusa, sai zuciya ta ɗebe shi.

"Ni ba na rufe ɗakin Allah da shara," ya ce da ƙarfi. "Ai ma bari mu tambaya. Mu da ko itacen girki matanmu ba sa ƙetare rafi su ɗebo, kai wa ya ba ka hanya ka shiga daji da inji yana ruri, ka fito lafiya? Da wa kuka gaisa a ciki?"

Kowa ya gane 'yan bindiga yake nufi. A ƙasar nan ba zagin da ya kai wannan, don ba zagi ba ne, wuƙa ce. Kuma Japheth ya san inda aka yanko katakon: tsohuwar gonar mahaifin Martins ce, nan bayan gari, inda maje ya yi girma a shekarun da ba a noma. Ya sani sarai tun kafin ya buɗe baki.

Martins ya dube shi sama da ƙasa. Ya juya ya tafi.

Washegari da safe 'yan sa-kai suka zo a kan babura suka tafi da Martins. Sai da Fasto da mai unguwa suka bi sawu, suka kai shugaban 'yan sa-kan gonar suka nuna masa kututturan, sannan aka sake shi. Ya dawo da la'asar ba hula, riga a yage, yana jan ƙafa. Matarsa Susan ba ta ko shiga gida da shi ba, ta zarce rumfar Japheth.

"Fito, mai bakin maciji!" Ta tsaya a bakin rumfar tana haki. "Waɗanda suka kashe mana ɗa, su ka ce mijina yana gaisawa da su? Da an kashe shi yau, da ka samu aikin akwatin gawa ko? Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

Japheth ya ci gaba da goge falanki kamar bai ji ba. Asibi ce ta fito ta durƙusa tana ba da haƙuri, Susan ta tsallake ta ta wuce.

Kwamitin coci ya ba David aikin. David ɗan ƙanwar Martins ne, kafinta daga Saminaka, magidanci mai ƙarancin magana. Japheth ya taɓa cewa a kasuwa ko aikin akurkin kaji ba zai ba shi ba, kuma maganar ta kai kunnensa. David ya zo da kayan aikinsa, ya shafe katakon da baƙin mai saboda gara, ya hau sama. Kafin ruwan farko ya sauka kwano ya rufe coci yana ƙyalli. Aka yi bikin buɗewa, aka yanka akuya, 'yan ƙungiyar zumuntar mata ta coci suka kwana biyu suna shirin waƙa. Japheth ya je, ya zauna a bencin baya, ba wanda ya matsa kusa da shi.

Daga nan kasuwarsa ta mutu. Masu ƙofa da taga suka koma wurin David. Martins ya ce ko guntun katakon hura wuta ba zai sayar wa Japheth ba, sai ya zama dole ya je har Birnin Gwari wurin wani Alhaji Usman ya ɗauro a babur, kayansa suka yi tsada. In ya wuce majalisa ya yi gaisuwa, sai a amsa ciki-ciki. A coci, lokacin da ake cewa a gaisa da juna, na gabansa sai su shagala da gyaran takalmi.

Fasto Enoch ya same shi a rumfa wata rana da hantsi, ya zauna a kan benci da ba a gama ba.

"Ka je ka ba Dattijo haƙuri, Japheth."

"A kan gaskiya, Fasto?"

"Maganar katako daban, maganar daji daban. Ka dama su a ƙwarya ɗaya, yanzu ba mai iya shan ko ɗaya. Allah ya ba ka hannu mai kyau, amma hannun da bakin duk na mutum ɗaya ne, kuma tare za a tambaye su."

"A bari rani ya zo," in ji Japheth. "Katakon da kansa zai yi magana."

Fasto ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Damina ta wuce, ko ɗigo bai zuba a cikin coci ba. Aka yi girbi, aka yi Kirsimeti. Kowace Lahadi Japheth yana zuwa da wuri, ba ya fashi. Jama'a suna tsammanin taurin kai ne. Ba su san ana wa'azi idonsa yana sama ba, don ba a sa silin ba tukuna, komai a fili yake. Ana addu'a kowa ya rufe ido, shi nasa a buɗe, yana bin rafta, wato katakan da ke riƙe da kwano, ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɓataccen abu.

Da zafin rani ya kankama ya samu abin da yake nema. Akwai babban katako da ya ratsa daga bango zuwa bango ta ɓangaren mata, wanda nauyin rufin wajen ke kansa. Guda biyu aka haɗa a tsakiya, don ba a samu mai tsawon ba. Ya bushe ya murɗe, wata tsaga ta bi layin ƙusoshi, mahaɗin ya fara buɗe baki. Wanda ba kafinta ba ba zai lura ba, don baƙin mai ya rufe komai. A ƙarƙashinsa kuwa tabarmar yara take, inda iyaye mata ke zaunar da su.

Wani daɗi ya ratsa Japheth tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ranar ya yi waƙa da murya har na kusa suka waiwayo. Ya koma gida ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Mako ya zagayo, tsagar ta ƙaru. Ya lissafa a ransa: zai iya riƙewa har bazara, amma guguwar farkon damina, irin wadda ke kwashe rufin makarantu, ba zai tsallake ta ba. Ya riƙa zana ranar a zuciyarsa. Kwano a ƙasa, jama'a sun taru, Martins ya sunkuyar da kai, kwamiti sun zo rumfarsa da huluna a hannu. Cikin duk zanen nan bai taɓa sa mutum a cikin ginin ba. Kullum wayam yake ganinsa.

Sai wata Lahadi ya ga 'yarsa Praise zaune a tabarmar, daidai ƙarƙashin mahaɗin, tana yi wa wata yarinya kitson wasa. Da suka koma gida ya ce wa Asibi daga yau ita da yarinyar su riƙa zama kusa da ƙofa.

"Don me?"

"Zafi ya yi yawa a ciki. Yarinyar tana tari."

Asibi ta bi umarni. Lahadi ɗaya, biyu, uku tana zama bakin ƙofa, kuma daga nan tana ganin fuskar mijinta da kyau. Ta bi idonsa ta ga inda yake sauka. Shekarun da ta yi da kafinta ba a banza ba.

Ranar ba ta ɗora tukunya ba. Ta tura Praise gidan maƙwabta, ta same shi a rumfa.

"Baban Praise, katakon can na ɓangarenmu zai faɗo ne?"

Ya ajiye guduma. "Wa ya gaya miki?"

"Tambayarka na yi."

"Na faɗa musu tun farko. A gaban kowa na faɗa. Me aka yi mini? Aka mai da ni kare."

"Tun yaushe ka gani?"

Ya kau da kai.

"Wato ka ɗauke naka ka bar na mutane." Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ihu zafi. "Jikokin Mama Alice uku ne a tabarmar nan. Jaririn Loveth a nan take kwantar da shi. Su ne suka ƙi gaishe ka?"

"Ba a cikin sujada zai faɗo ba."

"Kai ke riƙe da iska?"

"Asibi, ki kiyaye ni."

"Na daɗe ina kiyaye ka, shi ya kawo mu nan. Mutanen dajin can da suka ƙone cocin, ba su san sunayen yaran nan ba. Kai ka san su ɗaya-ɗaya, ka ci abincin sunansu." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Lahadi mai zuwa a wurina na da zan zauna, ni da Praise. In zai faɗo, ya faɗo a kanmu duka."

Ta fita. Japheth ya ɗauki gudumar ya yi jifa da ita, ta bugi kwanon rumfa, kaji suka watse. Ya zauna. Ya nemi fushin da ya saba jingina da shi, ya ji ba ya ɗaukarsa. Ya yi ƙoƙarin addu'a, bakinsa ya ƙi, don ya tuna watanni ke nan duk addu'ar da yake yi a zuci ɗaya ce, kuma ba irin wadda ake faɗa da baki ba ce.

Washegari ya nufi inda David ke aiki, gidan wani da ake sa wa taga. Martins yana wurin, zaune a kan kujera yana kallon ana sauke katako. Tun daga dukan nan ƙafarsa ba ta koma daidai ba, da sanda yake tafiya.

"Sannunku da aiki," in ji Japheth. "David, ina son magana da kai. Maganar rufin coci ce."

David bai ɗago ba. "Mai akurkin kaji me ya sani a rufi, Oga?"

"Katakon ɓangaren mata ya tsage a mahaɗi. Ka hau ka duba."

Martins ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka ji ko? Yunwa ta koro shi. Damina guda rufin nan ya yi ko ɗigo babu, yanzu da aiki ya ƙare masa ya zo da sabon salo. In ma akwai tsaga, kai ka hau ka yi ta. Wanda ya iya sayar da ran mutum da baki, me zai gagare shi?"

"Dattijo, ba faɗa na zo ba."

"Fita daga nan kafin in sa a fitar da kai. Ko kuma ka je ka kira 'yan sa-kai, ai ka san hanyarsu."

Ma'aikata suka yi dariya. Amsa ta zo wa Japheth har kan harshe, mai kaifi, irin wadda ya saba. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙashin kifi, ya juya. A hanya ya gane abin da Fasto ya gaya masa: ko wuta ya ce ta kama, ba mai ɗebo ruwa, muddin daga bakinsa maganar ta fito.

Ya wuce gidan Fasto ya faɗa masa komai, har da maganar wurin zama. Fasto ya riƙe haɓa. Ya ce shi zai hana shiga cocin, wannan nasa ne, amma akwai abin da ba mai iya yi sai Japheth da kansa, kuma a inda ya ɓata a nan zai gyara.

Ranar Lahadi jama'a suka tarar an fito da bencina gindin ɗorawa, ƙofar coci a kulle. Ana ta tambaya. Bayan waƙar farko Fasto ya ce ɗan'uwa Japheth yana da magana. Gunaguni ya tashi tun kafin ya miƙe.

Ya tsaya, hannuwansa suna neman abin riƙewa. "Abin da na faɗa a kan Dattijo Martins a nan wurin, ƙarya ne. Na san daga gonar mahaifinsa ya yanko katakon. Na sani lokacin da nake faɗa. Haushi ne ya sa ni. Saboda bakina aka dake shi. Dattijo, Mama Susan, ku gafarce ni."

"Gafararka za ta miƙe masa ƙafa?" Susan ta jefo daga ɓangaren mata.

"Ba za ta miƙe ba, Mama." Ya numfasa. "Magana ta biyu, babban katakon ɓangaren mata ya tsage. Kada a shiga sai an gyara."

Hayaniya ta ɓarke. Wasu na cewa ga inda aka nufa tun farko, haƙurin ma dabara ce. Martins ya miƙe da sandarsa yana cewa a buɗe coci, shi zai fara shiga ya zauna a ƙarƙashin katakon. Fasto ya ɗaga hannu ya ce David ya ɗauko tsani, ido ya raba gardama.

David ya shiga, wasu dattawa biyu suka bi shi. Aka daɗe. Da ya fito, hannunsa baƙi ƙirin da mai, bai kalli kowa ba sai kawunsa.

"Kawu, hannuna yana shiga cikin tsagar."

Japheth ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, tsohon daɗin nan yana neman ɗagowa. Bai samu sarari ba. Mama Alice, tsohuwar da ke jagorantar zumuntar mata, ta miƙe tana nuna shi da yatsa.

"Tsaya. Asibi, shi ya sa kika koma bakin ƙofa kwanakin baya? Kai Japheth, tun yaushe ka sani?"

Da zai iya cewa jiya. Ba mai iya ƙaryata shi sai matarsa, ita kuwa kanta a sunkuye yake.

"Tun farkon zafi, Mama."

Abin da ya biyo baya ya fi na ranar katako muni. Mata suka yi kansa. Loveth ta ɗaga jaririnta sama tana kuka tana tambaya me ya yi masa. Wani ya ce a kore shi daga garin, wani ya cafki wuyan rigarsa, sai da Fasto da mai unguwa suka shiga tsakani. Japheth bai kare kansa ba. Ranar ba a yi wa'azi ba. Dattawa suka zauna nan take suka dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ikilisiya ke ci tare, har sai abin da hali ya yi, kuma Martins ne ya fara ɗaga hannu.

Gyaran ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai an tokare rufin da gumagumai, a cire katakon, a sa busasshe, kuma hadari ya fara leƙowa. David ya ce yana buƙatar hannu na biyu wanda ya san aiki. Martins ya ce in dai wancan ne, sai dai a matsayin lebura, ba ko sisi, kuma ba shi da ta cewa. Kowa ya zaci Japheth zai ƙi. Da sassafe aka gan shi a bakin coci da igiya a kafaɗa.

David bai sassauta masa ba. "Riƙe nan. Ba nan ba, can. Miƙo ƙusa. Oga, barci kake yi?" Mutane suna zuwa musamman don su ga Japheth yana riƙe wa ɗan Saminaka tsani. Martins ya sa aka kawo masa kujera ƙofar coci, duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Ga babban kafinta can, ya samu ƙarin girma."

Da Japheth ya hau sama ne ya ga abin da ba a gani daga benci. David ya san katakon ɗanye ne, shi ma. Ya ɗaure kan kowane rafta da ƙarfe ya binne cikin bango, ya ƙara tokara a wuraren da Japheth bai taɓa tunanin sawa ba. Ba don haka ba, da rufin bai kai Kirsimeti ba. Japheth ya daɗe yana shafa ɗaurin.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Iskar Saminaka," in ji David a taƙaice.

"Aiki ne mai kyau. Ni ban iya shi ba."

David ya dube shi yana jiran ragowar maganar, inda dafin yake. Da bai zo ba, sai ya ce, "Miƙo zarto."

Suka gama kafin ruwa. Guguwar ta zo wata ranar Talata da azahar, ta kwashe rumfunan kasuwa, ta bar coci. Ba wanda ya ce wa Japheth sannu. A bakin mutane David ne ya ceci coci, Japheth kuwa shi ne wanda ya gani ya yi shiru. Duka biyun gaskiya ne, bai yi gardama ba. Mata da yawa sun daina gaishe da Asibi ma, ta jure, amma a gida ta koma yi masa magana kamar da. Martins ya ce a gaban dattawa ya yafe, tunda umarnin Ubangiji ne, amma kada Japheth ya taka ƙofar gidansa, kuma katakonsa ya haramta gare shi har abada. Haka kuwa aka yi.

Aiki ya riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, yawanci daga ƙauyukan da labarin bai kai da zafinsa ba. Noman 'yar gonar Asibi ne ya riƙe gidan a wannan damina.

Bayan girbi, wata safiya, babur ya tsaya a bakin rumfarsa. David ne, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Bai sauka ba, bai kashe inji ba.

"An ba ni rufin ajujuwa a wani ƙauye ta wajen Gwaska. Ya fi ƙarfina ni kaɗai. Raba daidai za mu yi."

Japheth ya goge hannu a wando. "Kawunka ya sani?"

"Ya ce in na tafi da kai kada in ƙara cin tuwon gidansa."

"To, don me ka zo?"

"Yara a ƙasa suke karatu, rana tana dukansu. Kuma kada ka ɗauka sonka nake yi, Oga. In ka zagi mutum ɗaya a garin nan, a can zan bar ka ka dawo da ƙafa."

"Na ji."

Asibi ta ɗaure masa gari da ƙuli-ƙuli a leda. Ya tā da nasa babur, suka kama hanya, David a gaba. Hanyar ba ta da kyau, ruwa ya cinye ta, ga ciyawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, kowa idonsa na kan daji. A wani kwari David ya zaɓi gefen hagu, tayarsa ta nutse cikin laka har gindi. Japheth, da ya ga tun daga nesa cewa dama ce hanya, ya tsaya, ya jingine nasa, ya naɗe ƙafar wando ya shiga lakar.

"Riƙe kan," ya ce. "Ni zan ɗaga bayan."